Damuwa da Hawan Jini a Tsakanin Manomanmu

 Mun yi niyyar mu yi magana a kan ajiyar wake a wannan fitowa, amma wani abu ya faru wanda ya sa muka ɗaga wannan zuwa gaba.

Wajen ƙarshen damina muka je yankin Karare, a ƙasar Batsari, domin mu duba littafin wata ƙungiya kafin girbi. Ma'ajin ƙungiyar dattijo ne, ya kusa shekara sittin, ba a kuwa taɓa kama shi da kuskuren ko kwabo ba. Ran nan ya haɗa lissafin kuɗin taki har sau uku, kowane karo da amsa dabam. Sai ya ajiye biro, ya dafe ƙeya. Muka ce, "Baba, ko ba ku jin daɗi ne?" Ya ce, "Lafiyata lau, Malam. Barci ne kawai. Tun da aka yi shuka ban yi barcin da ya kai ni asuba ba." Muka yi masa sannu, muka ƙarasa lissafin da kanmu, muka hau babur muka kama hanya. Bayan mako uku aka aiko mana ya faɗi a gonar rogo. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun ƙi motsi. Da aka kai shi asibiti aka auna, sai aka ce jininsa ya hau ƙwarai, da alama kuma ya daɗe a haka.

Laifin har da namu. Mun san tiya nawa ya karɓa na iri, mun san buhu nawa ake binsa, amma da ya gaya mana wata huɗu bai yi barci ba, sannu kaɗai muka yi masa.

ABIN DA KE HANA MU BARCI

Masu karanta wannan takarda daga nesa ba lalle su san zaman da ake yi a yammacin Jihar Katsina ba. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu ne, dajin da ya miƙa har iyakar Zamfara. Daga cikinsa ɓarayi suke fitowa. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji. A watan Fabrairu na 2020 aka faɗa wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30. A watan Satumba na 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu biyu, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Watanni aka yi mai ɗa a Katsina ko Kano ba shi da hanyar jin ko mutanen gida sun kwana lafiya. Akwai waɗanda suka sayar da shanun huɗa domin su fanshi ɗa ko mata. Akwai waɗanda suka biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka noma da hannunsu. Sa'an nan a watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na taki suka tashi tare.

A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da waɗansu ƙananan hukumomi na kewaye, waɗansu kuma sun koma gonakin da suka daɗe da bari. Mun gode wa Allah. Amma jiki ba ya karanta yarjejeniya. Wanda ya yi shekara biyar yana zabura da ƙarar babur, yau ma idan kare ya yi haushi da tsakar dare zumbur zai tashi, zuciyarsa tana dukan uku-uku. Bashin da aka ci domin fansa yana nan. Kuɗin makaranta yana nan. Ga ruwan sama, wanda yakan ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki.

YADDA DAMUWA KE TAƁA ZUCIYA

Duk mai noman rani ya san injin ban ruwa da tiyonsa. To, zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Idan mutum yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, watau wajen sau 100,000 a kwana guda, ba ta kuwa da ranar hutu.

Sa'ad da mutum ya tsorata, waɗansu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a kan ƙoda sukan zuba wani sinadari cikin jini, likitoci suna ce da shi adrenalin. Nan take zuciya ta ƙara wuta, jijiyoyi su tsuke, jini ya ruga zuwa ƙafafu da hannuwa. Allah ne ya yi mu haka domin mu iya gudu idan gudu ya kama. Da hatsarin ya wuce, kome yakan koma daidai. Da dare kuma, idan mutum ya sami barci mai nauyi, ƙarfin jininsa yakan sauka da wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100, injin ya ɗan huce.

Wahalar ita ce tsoron da ba ya wucewa. Mutum ya kwanta da kunne ɗaya a waje, ya tashi da tunanin bashi, ya wuni yana waiwaye a gona. Injin yana kan wuta dare da rana, tiyo kuma a matse. Kun san abin da ke biyo baya. Ko tiyo ya fashe ko ya toshe a inda ya fi rauni, in a ƙwaƙwalwa ne shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ko injin da kansa ya gaji: zuciya ta kumbura, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Ƙoda da idanu ma sukan taɓu.

A 2004 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, mai suna INTERHEART. An gwama waɗanda suka sami bugun zuciya da waɗanda ba su samu ba. Aka tarar waɗanda suka ce kullum cikin damuwa suke, a gida ko a wurin aiki, hatsarinsu ya kai wajen ninki biyu.

Kada dai a ɗauka damuwa kaɗai ke kawo hawan jini. Akwai gado, akwai shekaru, akwai gishiri, da ƙiba, da taba, da giya. Mun san mutane masu fara'a, ba abin da ya dame su, aka auna su aka sami jinin a sama. Yawancin masu ciwon ba su jin kome a jikinsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna babba ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. Saboda haka maganar "ai ni ba na ciwon kai" ba shaida ba ce. Awo kaɗai ke nunawa.

"KA RAGE TUNANI"

Wannan ita ce shawarar da kowa ke ba mai hawan jini. A asibiti an faɗa masa, a ƙofar ɗakin sujada an faɗa masa. Mu dai ba mu taɓa ganin wanda ya rage tunani domin an ce ya rage ba. Mutum ana binsa buhu shida, rumbunsa da dami goma, ka ce ya rage tunani, ka juya ka tafi. Me ka rage masa?

Akwai wadda ta fi wannan ciwo, a cikinmu masu bi kuma aka fi jinta. Wai damuwa alamar ƙarancin bangaskiya ce. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun rufe bakinsu. Mace tana kwana ido biyu tun ran da aka ɗauke mijinta, amma a taron Zumuntar Mata sai ta ce lafiya lau, domin kada a ce ba ta dogara ga Allah ba. Ta koma gida da kaya biyu, na damuwa da na kunya.

Mu tuna da annabi Iliya, cikin littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al ne, amma da Yezebel ta aika masa za ta kashe shi, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Ku duba abin da aka fara yi masa. An bar shi ya yi barci. An tashe shi, an ba shi abinci da ruwa. Ya sake kwanciya, aka sake ba shi abinci. Sai daga baya, a dutsen Horeb, aka yi magana da shi, aka kuma nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, aka ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. Barci, da abinci, da abokin aiki. Duk ukun nan ƙungiyar manoma tana da ikon taimakawa a kansu, ba sai ta jira gwamnati ba.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA

Mu fara da barci, gama shi ne ya fi lalacewa. Babba yana bukatar awa bakwai ko fiye. A ƙauyuka da yawa mun tarar ba a raba tsaron dare da tsari. Kowa yana tsaro a zuciyarsa, watau ba wanda ke barci ke nan. Mutum biyar suna zaune a bakin gari, sauran hamsin suna kwance a ɗaka ido buɗe, domin ba su tabbata akwai wanda ke zaune ba. Idan aka rubuta suna da rana, kowa ya san daren da yake nasa, ya kuma san wanda ya karɓe shi, to sauran dararen zai iya sakin jiki. Kada a bar mutum ɗaya ya yi dare biyu a jere. Wanda ya kwana tsaro kada a sa ran ganinsa a gayya da sassafe, kada kuma a yi masa gori idan ya kwanta da rana. Dattawa da waɗanda aka riga aka samu da hawan jini a cire su daga jerin gaba ɗaya. Ma'ajin nan da muka ba ku labari, ashe yana fita kusan kowane dare a madadin ɗansa da ya tafi neman kuɗi kudu. Kowa a garin ya sani, ba wanda ya ga abin magana ne.

Sai bashi. A nan za mu faɗi abin da ba zai yi wa waɗansu shugabanni daɗi ba. Al'adar karanta sunayen masu bashi a gaban taro, wani lokaci ma bayan sujadar Lahadi, ya kamata a daina ta. Ba ta fito da ƙwayar hatsi daga rumbun da ba kome. Abin da take yi shi ne ta sa mutum ya daina zuwa taro, daga nan ya daina zuwa sujada, ya zauna shi kaɗai da tunaninsa. Bashin da ya fi hana barci shi ne wanda mutum bai san ƙarshensa ba. Shugaba da ma'aji su je gidan mutum su biyu, tun kafin girbi, su zauna da shi da matarsa, a rubuta abin da zai iya biya bana da abin da za a ɗaga zuwa baɗi, kowa ya sa hannu. Wanda ɓarayi suka hana shi gonarsa ba daidai yake da wanda ya sayar da takin ya yi biki ba, dokar ƙungiya kuwa ta bambanta su a rubuce. Mun sani kuɗin na jama'a ne, dole a riƙe shi amana. Amma a lissafa har da wannan: memba da ya shanye ba ya biyan kome, gidansa kuma ya zama abin taimako.

Gayya ma a farfaɗo da ita. Gwauruwa da gonarta ta cika da ciyawa, da magidancin da ya sayar da shanunsa, idan suka san ranar da ƙungiya za ta shiga gonarsu, an ɗauke musu rabin tunani. Aiki cikin jama'a kuma ya fi kwanciyar rai a gonar da ke nesa da gari.

Abu na huɗu, kowace ƙungiya ta sayi na'urar awon jini irin mai aiki da batir, wadda ake ɗaurawa a damtse. Ana samunta a manyan kemis na Katsina da Dutsin-Ma. Ƙungiyar da ta iya sayen famfon feshi za ta iya sayen wannan. A nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu, namiji da mace. Wanda za a auna ya zauna shiru minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha taba rabin awa kafin awo, kada ya yi magana ana cikin awo. Lamba biyu na'urar ke nunawa. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. Idan ta nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam-dabam, sai a je asibiti. Idan ta kai 180 bisa 120, a sake awo bayan 'yan mintoci, in ba ta sauka ba a tafi ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Mace mai ciki kuwa, 140 bisa 90 sau ɗaya ya isa a kai ta. Littafin awo asiri ne. Ba a karanta shi a taro, ba a kuma hana mutum rance domin abin da ke ciki. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke gudu tare mu dawo tare, idan sun zo a auna su.

A CIKIN GIDA

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, watau ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule huɗu, aka bi da gishiri, sa'an nan mai gida ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai, ta wuce misali nesa. Iyayenmu mata, a rage kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Cikin 'yan makonni baki yakan saba.

Kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wannan fanni. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun duba mata fiye da 200 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai waɗansu dalilai, kamar rashin abinci mai kyau da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka mai jegon da jininta ya hau ba ta bukatar kanwa. Idan tana haki, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, asibiti za a kai ta.

Sai abubuwan da mutane ke sha domin su jure. Goro da shayi mai kauri da yamma suna korar ɗan barcin da ya rage. Taba tana tsuke jijiya. Burukutu yakan sa mutum ya manta na awa biyu, ya farka da tsakar dare da bashin da ciwon kai. Samari masu shan tiramadol domin su yi noma ba gajiya, jikinsu suke ci bashi. Akwai kuma wanda ba a cika sani ba: magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake haɗawa a kemis a sha kullum bayan an taso gona, suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda. Mai hawan jini ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya sha.

Littattafan lafiya duk suna cewa a motsa jiki, minti 150 a mako. Da muka karanta wa wata ƙungiya wannan, dariya aka yi, da gaskiyarsu kuwa. Mai fartanya ya cika nasa tun ran Litinin. Amma 'yan'uwanmu da suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari ko Katsina, mutum ya saba wuni a gona, yanzu yana zaune a gindin bango daga safe har yamma yana tunanin gida, su maganar ta shafa. A nema musu ko ɗan fili na lambu, ko akuya biyu su yi kiwo.

Zoɓo marar sukari, bincike ya nuna yana ɗan rage hawan jini. A sha, amma ba ya maye gurbin magani. Wanda ya farka da dare zuciya tana bugawa, ya tashi zaune ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, kamar sau shida a minti, har minti biyar ko goma. Waɗansu sukan haɗa da addu'a. Da yawa sun gaya mana yana mai da su barci.

Wanda likita ya ɗora a kan magani, ya sani ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku. Kullum ne, yawanci har iyakar rai. In awo ya sauka, maganin ne ke aiki, ba warkewa aka yi ba. Mun ga waɗanda suka ba da shaida a sujada cewa an warkar da su, suka zubar da ƙwayoyin, bayan 'yan watanni muka je gaishe su a kwance. Fastoci da masu bishara, muna roƙonku ku taimake mu a nan. Ƙungiya kuma ta tuna da abin da ya faru a 2021, sa'ad da hanya da waya suka yanke: mai zuwa gari ya riƙa karɓo wa membobi maganin wata guda tun na hannunsu bai ƙare ba.

Idan kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe shi da zufa, kada a tsaya shafa mai ko turare, kada a ɗura masa ruwa ko kunu, gama yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota nan da nan. Kowace ƙungiya ta san tun yau motar wa za a kira, da kuma inda kuɗin mai zai fito.

Mun koma wurin dattijon nan bayan an sallamo shi. Yana takawa da sanda, magana ta fara dawowa, hannun dai har yanzu. Ƙungiyarsu ta tone masa rogon ran Asabar guda, ta cire gidansa daga jerin tsaro, ta kuma sayi na'ura da kuɗin tarar makara. Littafin kuɗi yana hannun mataimakinsa, amma kowane mako sai an kawo masa ya duba. Da za mu tashi ya riƙe mu da hannun hagu ya ce, "Malam, matata fa? Ita ma ba ta barci." Aka ɗauko na'urar, aka auna Mama a nan tsakar gida. Ta nuna 160 bisa 100. An sake aunawa bayan kwana biyu, ba ta sauka ba, ran Litinin ɗan maƙwabcinsu ya kai ta asibiti a babur.